Kafin Ka Sauya Jami'a Don Zama Likitan Haƙori

Bayan an kwashe albasa a fadamar Wurno, ɗan ƙanwata ya zo hutu ya same ni a zaure. Yana aji ɗaya a wata jami'a, yana karatun kimiyyar halittu. Da muka gaisa sai ya ce, "Kawu, ina son in sauya makaranta, likitan haƙori nake so in zama. Wace jami'a zan koma?"

Na ji daɗin maganar har cikin raina. Duk wanda ya tashi tsakanin Wurno da Rabah da Goronyo ya san yadda ake fama da ciwon haƙori: a danna kanumfari, in ya ƙi a nemi wanzami ya cire, in fuska ta kumbura a ɗauki hanyar Sakkwato. A can ne kuma aka buɗe asibitin yara na cutar noma a 1999, cutar da ke farawa daga dasashi ta cinye kunci da leɓen yaro, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a Disambar 2023. Yankin da ke da irin wannan ciwo yana buƙatar 'ya'yansa su koyi aikin baki da haƙori.

Amma na ce masa, "Ɗana, kada ka ga hadari ka zubar da ruwan tulunka. Gurbin da kake ciki ka riƙe shi, sai wani ya tabbata a rubuce."

Abin da ya kamata ya fara dubawa shi ne amincewar Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya, wato MDCN. Ita ke tantance tsangayar haƙori, ita ke ƙayyade yawan ɗaliban da za a ɗauka, ita ce kuma ke ba da lasisin aiki. Jami'a tana iya yin suna a wasu fannoni alhali tsangayarta ta haƙori ba ta kammala samun wannan amincewa ba. Ɗalibin da ya faɗa irin wannan wuri yana iya daɗewa bai rubuta jarrabawar fita ba, kuɗin iyayensa na ta zurarewa.

Sai maganar asibiti. Karatun shekara 6 ne, kuma rabinsa na ƙarshe a gefen kujerar majinyaci ake yin sa. Jami'ar Bayero tana horar da ɗalibanta a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, Jami'ar Maiduguri ma tana da tsangayarta da asibitinta, ga tsofaffin makarantu irin na Legas da Ibadan. Na ce ya je da ƙafarsa, ya tambayi 'yan ajin ƙarshe: kujeru nawa ke aiki, ɗalibi nawa ke layi a kan kowace, kuma wa ke sayen kayan aiki?

Ya kuma sani cewa ƙofar sauyi ƙunci gare ta. Guraben kaɗan ne, ana neman maki mai yawa da takardar sakamako daga jami'ar da ya baro, kuma da wuya a ɗauki mutum sama da aji biyu. Shi ya sa wasu ke sake rubuta jarrabawar JAMB da Ingilishi da Fizis da Kemistiri da Bayoloji, wasu su bi ta shirin share fage na IJMB na Jami'ar Ahmadu Bello, wasu su gama digirin farko sannan su nemi shiga aji biyu kai tsaye. Asarar shekara guda a kan hanyar da ta tabbata ta fi yawon shekara uku a kan alkawarin baki.

Daga nan muka zauna da mahaifinsa muka yi lissafin kuɗin makaranta da ɗaki da mota har ƙarshen karatun, domin noman rani ne zai ɗauki nauyin, shi kuwa farashin albasa ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Iyaye da ɗalibai, kafin ku cike takardar sauyi, ku nemi shaidar amincewar MDCN, ku ga asibitin da idonku, ku karɓi gurbi a rubuce. Allah Ya ba yaranmu sa'a, Ya sa su dawo su yi wa mutanensu aiki.