Tantanin Ƙwayar Halitta da Ƙofofinsa

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai ƙuli-ƙuli a Cadawa, ya ga yadda take yayyafa ruwan zafi a kan markaɗaɗɗiyar gyaɗa tana juyawa da muciya har mai ya tsattsafo ya taru gefe, ya san cewa mai da ruwa ba sa gamuwa; to, a kan wannan saɓani ne Allah Maɗaukakin Sarki ya gina shamakin da ya kewaye kowace ƙwayar halitta ta jikin ɗan Adam.

Tantani ne mai tsananin sirantaka, wanda in aka kasa milimita kashi miliyan, kaurinsa bai wuce kashi 10 ba. Asalinsa wani irin maiƙo ne da masana ke kira fosfolifid, mai ɗabi'a biyu, domin kansa yana son ruwa, jelarsa kuwa tana ƙinsa. Saboda haka sai ƙwayoyinsa su jeru sahu biyu, kawuna suna fuskantar ruwan ciki da na waje, jeloli sun ɓuya a tsakiya. Malamai biyu na ƙasar Holan, Gorter da Grendel, su suka kawo hujjar haka a 1925 daga jajayen ƙwayoyin jini. A 1972 kuma Singer da Nicolson a Amurka suka bayyana cewa sahun ba a daskare yake ba, furotin iri-iri na yawo a cikinsa, waɗansu ƙofofin shigar gishiri da sukari, waɗansu alamomin shaida.

Lalle a ganina nan ne mas'alar ta fi shafar mu. Akwai wani furotin mai suna Duffy a tantanin jan ƙwayar jini, wanda ƙwayar cutar masassarar cizon sauro, irin da ake kira bibaks, take kamawa ta kutsa ciki. Mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma kuwa an halicce su ba shi a jininsu, kuma bincike ya tabbatar a 1976 cewa wannan rashi kariya ce. Alhamdu lillahi. Amma irin da ake kira falsifarum, wadda ke kwantar da yaran Agye da Gazawa da Gidan Rumji kowace damina, tana da waɗansu ƙofofin daban, kuma ita ce ta fi kisa.

Saboda haka, jama'a, a rataya gidan sauro tun kafin ruwan farko, in jikin yaro ya yi zafi kuma a kai shi likita a ranar.