Agabe: Tsiron da Ganyensa ke Faɗin Asalinsa

A gaban manyan otal-otal da ma'aikatu, da tsakiyar wasu shataletale, akan ga wani tsiro mai kauraran ganyaye masu launin toka, sun bazu daga gindi ɗaya, kowanne da ƙaya a gefe da tsini a kai. Masu wucewa da yawa suna ɗauka alobera ce ta samu wuri ta ƙasaita. Ba ita ba ce. Alobera da danginta 'yan Afirka da yankin Larabawa ne, ganyensu cike yake da yauƙi mai sanyi, kuma suna fure shekara bayan shekara. Wannan kuwa sunansa agabe, daga nahiyar Amurka ya fito, cikin ganyensa zare ne mai tauri, ruwansa kuma yana sa fata ƙaiƙayi da ƙuraje. Mai neman abin shafawa a fuska ya duba da kyau kafin ya sa wuƙa.

Agabe ba iri ɗaya ba ne. Nau'o'insa sun haura 200, kuma kusan kashi uku cikin huɗu nasu a ƙasar Meksiko suke, sauran sun watsu daga kudu maso yammacin Amurka zuwa tsibiran Karebiya da arewacin Amurka ta Kudu. Masanin tsirrai Carl Linnaeus ne ya raɗa wa dangin suna a 1753, amma wanda ya fi kowa bin su dutse-dutse shi ne Howard Scott Gentry, wanda littafinsa na 1982 a kan agaben Amurka ta Arewa har yau shi ne madogarar masu nazari. Abin da ya fi jan hankalina a wannan dangi shi ne, wanda ya iya duban gefen ganye da tsininsa da karan furensa zai iya faɗin irin ƙasar da tsiron ya fito, har ma da abin da hannun ɗan Adam ya yi masa.

Ƙirar tushe dai ɗaya ce. Ganyaye suna fitowa a da'ira, a tsakiya kuma akwai dunƙule mai tsini inda sababbi suke nannaɗe, sun matse juna tam. Idan ganye ya ɓalle daga dunƙulen ya kwanta, sai ka ga a bayansa da cikinsa an zana layin haƙora reras, kowace ƙaya da lanƙwasarta. Shatin ƙayoyin maƙwabcinsa ne da suka danne shi tun yana ɗanye, kuma ba ya gogewa har ganyen ya tsufa. Launin toka ko shuɗin da ake gani wani kaki ne da ya lulluɓe fatar ganyen yana mayar da zafin rana. Ka goga yatsa a kai sai kore ya bayyana. Da rana ƙananan ƙofofin numfashin ganyen a rufe suke. Sai dare ya yi, iska ta yi sanyi, suke buɗewa su shaƙi iskar kabon su adana ta, washegari tsiron ya sarrafa ta da hasken rana ba tare da ya yi asarar ruwan kirki ba. Saiwoyinsa ba sa nitsewa ƙasa, kusa da saman ƙasa suke bazuwa, ko yayyafi aka yi sai sun samu rabonsu.

Duk wannan tattali na rana ɗaya ne. Yawancin nau'o'in agabe sau ɗaya suke fure a rayuwarsu. Tsiron zai yi shekaru yana tara zaƙi a cikin gindinsa, sannan ya turo kara daga tsakiya, mai saurin da ana ganin ƙarin tsawonsa daga yau zuwa gobe. Ya yi fure, ya zuba iri, ganyayen su yanƙwane, uwar ta mutu, 'ya'yan da suka tsiro a gindinta su gaje wurin. Da wannan karan ne Gentry da magabatansa suka kasa dangin gida biyu: masu kara miƙaƙƙe da furanni manne a jikinsa, da masu kara mai rassa da furanni tuli-tuli a ƙarshen kowane reshe.

Wanda aka fi gani a lambunan duniya shi ne Agave americana, wanda Turawan Sifen suka kai Turai tun ƙarni na 16. Ganyensa yakan kusa mita 2, yana lanƙwashewa idan ya tsufa, karansa kuma yakan kai mita 8. An daɗe ana cewa sai ya shekara 100 yake fure, alhali tsakanin shekara 10 zuwa 30 ne. Akwai wani launinsa mai ratsin rawaya a gefen ganye, shi masu lambu suka fi so.

Sai dai kyawun dangin yana can cikin daji. A hamadar Chihuahua, wadda ta ratsa arewacin Meksiko zuwa jihar Teksas, akwai Agave lechuguilla, gajere da bai fi rabin mita ba, ganyensa siriri, ƙayoyinsa sun lanƙwasa ƙasa, yana yaɗuwa ya rufe gangaren dutse har doki ya rasa wurin taka ƙafa. Masana suna ɗaukarsa alamar wannan hamada, inda duk ka gan shi ka shigo cikinta. Idan fari ya tsananta awaki da tumaki suka ci shi, yana lalata musu hanta ya kumbura musu kai. Amma talakawan yankin da shi suke rufa wa kansu asiri, suna kankare zarensa ana yin buroshi da igiya. A cikin hamadar nan, a jikin duwatsun da ke kusa da birnin Monterrey, akwai Agave victoriae-reginae, wanda aka raɗa wa sunan Sarauniya Biktoriya ta Ingila a 1875. Dunƙulalle ne, faɗinsa kimanin rabin mita, ganyayensa gajeru ne masu kore mai duhu, babu ƙaya a gefensu, sai fararen layuka da suka bi kowane lungu na ganyen. A ganina babu wanda ya kai shi tsari a dangin duka. Kyawun nan ya ja masa masu tumɓukewa daga daji su sayar, har aka sa shi cikin tsirran da ake sa wa cinikinsu ido tsakanin ƙasashe.

Can arewa, a tsaunukan Arizona da Sabuwar Meksiko, Agave parryi yana jure ƙanƙara, ganyayensa gajeru, faffaɗa, sun ƙanƙame juna. 'Yan ƙabilar Apache sukan gasa gindinsa a rami su ci. Agave attenuata na tsaunukan tsakiyar Meksiko kuwa ya saɓa wa kowa: babu ƙaya, babu tsini, ganyensa da taushi, karan furensa yana tashi ya sunkuyo. Ana danganta rashin makaminsa da cewa a jikin duwatsu masu tsayi yake fitowa, inda dabba mai kiwo ba ta kaiwa.

Labarin yana sauyawa da zarar an zo kan waɗanda mutum ya mayar amfanin gona. A tuddan jihohin Hidalgo da Tlaxcala ana noma Agave salmiana, ƙato mai kore mai duhu, ganyensa da kauri da dogon tsini. Tun kafin zuwan Turawa mutanen wurin sun san idan aka ja tsinin da dabara yana fitowa da zare manne a gindinsa, an samu allura da zarenta ke nan. Da ganyensa ake rufe nama a gasa cikin rami. Idan tsiron ya kusa fure sai a ƙwaƙule zuciyarsa, a bar rami a tsakiya, a riƙa kankare shi safe da yamma ana zuƙo ruwan zaƙin da ya taru da dogon duma, wata da watanni. Da ɗanyensa ruwan zaƙi ne kawai, amma ba ya daɗewa yake tsami ya koma barasar da suke kira pulque.

Na zare su ne suka zagaya duniya. A yankin Yukatan akwai Agave fourcroydes, mai ƙaya a gefe da gajeren kututture, wanda a ƙarshen ƙarni na 19 ya azurta masu gonakin birnin Merida da kuɗin igiyar ɗaurin alkama da manoman Amurka suke saye. Benayen da suka gina suna nan har yau, kuma da gumin 'yan ƙabilar Maya da aka ɗaure da bashi, da 'yan Yaqui da gwamnati ta kwaso daga arewa da ƙarfi, aka gina su. Ɗan'uwansa Agave sisalana, wato sisal, ganyensa miƙaƙƙe ne, gefensa sumul, sai baƙin tsini ɗaya a kai. Rashin ƙayar nan shi ya sa yankansa ya fi sauƙi. A rayuwarsa ta shekara 7 zuwa 10 yana ba da ganye 200 zuwa 250, zaren kuma bai wuce kashi 4 cikin 100 na nauyin ganyen ba. A 1893 wani Bajamushe masanin noma, Richard Hindorf, ya sa aka ɗauko 'ya'yan sisal 1,000 daga Filorida, 62 kacal suka isa gaɓar Tanganyika da rai. Daga su aka kafa gonakin yankin Tanga, har sisal ya zama babban abin da ƙasar ke fitarwa lokacin samun 'yancin kai a 1961, kafin igiyar roba ta karya kasuwar. Yau Birazil ce kan gaba a noman sisal.

Sisal da wuya yake yin iri mai tsirowa. Karansa ƙananan tsirrai yake fitarwa, kowanne kwafin uwarsa, su ake dasawa. Da kwafin uwa ake dasa Agave tequilana ma, mai siririn ganye shuɗi da ya rufe filayen jihar Jalisco, wanda ake yin barasar tekila da wani ruwan zaƙi mai kama da zuma da shi. Bayan shekara 6 zuwa 8 ake sassare ganyayensa a ɗauki gindin, mai siffar ƙatuwar abarba, wanda nauyinsa kan haura kilo 40. Tunda zaƙin gindin ake nema, ana datse karan kafin ya yi fure, a dasa 'ya'yan gindi. Miliyoyin tsirrai ke nan masu kusan jini ɗaya, cutar da ta kama guda za ta iya kama duka. An ga hakan a ƙarshen shekarun 1990, lokacin da ruɓa ta bi gonakin Jalisco ta yi ɓarna mai yawa.

Wannan shi ne abin da yake damuna. Bambancin kamannin da muka bi ɗaya bayan ɗaya daga fure da iri ya samu, furen agabe mai rassa kuma da dare yake zubo zaƙinsa domin jemagu masu dogon hanci, waɗanda suke ƙaura tsakanin Meksiko da kudancin Amurka suna kwasar garin fure daga wannan tsiro zuwa wancan. Gonar da ba ta fure ba ta ciyar da jemage, ba ta kuma haifar da sabon jini. Masanin jemagu na Meksiko, Rodrigo Medellín, ya shawo kan wasu manoma su bar kashi 5 cikin 100 na gonarsu ya yi fure, a kuma sa wa kayansu tambarin da ke shaida hakan. Ɗaya daga cikin jemagun nan ya farfaɗo har Amurka ta cire shi daga jerin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa a 2018. Amma manoman da suka karɓi tsarin 'yan kaɗan ne, kuma yanzu da kasuwar barasar mezkal ta buɗe, masu sara sun shiga dazuzzukan jihar Oaxaca suna kwashe nau'o'in daji, waɗanda wasunsu sai sun haura shekara 20 suke girma, tun kafin su turo kara.