Damagaram: harafi guda yakan hana mutum zama a ƙasar waje

Tun zamanin Sarki Tanimun, a ƙarni na 19, fataken Damagaram ke kai da komo tsakanin Birni da Kano, da ma Tarabulus, ba mai tambayarsu takarda. Sunan mutum da na ubansa da shaidar maigidan da ya sauke shi sun wadatar. A yau abin ya sake. Ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ke neman izinin zama da na aiki a wata ƙasa, sai ya gabatar da takardar haihuwa da takardar shaidar ɗan ƙasa da kartidanti da fasfo, kuma tilas su yi magana da baki ɗaya. In suka saɓa da harafi guda, sai a maido masa dosiyensa.

Tushen matsalar tsoho ne. Ana rubuta sunayenmu a Nijar bisa ƙa'idar Faransanci, a Nijeriya kuwa bisa ta Hausar boko da Ingilishi. Wanda aka rubuta Mahamadou a Zinder, a Kano Muhammadu ne. Issoufou ya koma Yusufu, Ousseini ya koma Husaini. Ga kuma jerin suna: al'adarmu ita ce sunan mutum sannan na mahaifinsa, amma fom ɗin waje sunan dangi yake nema, sai magatakarda ya sa na gaba a baya. Na uku ita ce ranar haihuwa. Da yawa cikin manya ba a yi masu rajista ran suna ba, sai daga baya kotu ta ba su takardar da ake kira jujuma, wadda ke cewa an haife su wajen shekara kaza. Na'ura ba ta san "wajen" ba, don haka akan cika gurbin da 1 ga Janairu, alhali wata takardar na ɗauke da wata rana dabam.

Mutanen Damagaram sun san tsadar rashin takarda. Ko da yake ƙasashen CEDEAO sun sa hannu a Dakar a shekara ta 1979 kan yarjejeniyar da ta ba ɗan ƙungiyar damar shiga wata ƙasa ba biza har kwana 90, wannan dama ta ziyara ce kawai. Maganar izinin zama ba ta zo ba sai a 1986. A Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su fice, aka kori fiye da mutum miliyan ɗaya, cikinsu da ƴan Nijar masu yawa. Daga 1984 zuwa 1986 kuma iyaka ta kasance a rufe. Ranar 29 ga Janairun 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga CEDEAO ta tabbata. A ranar, ƙungiyar ta nemi ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da kartidantin ƴan ƙasashen uku har sai an sake shawara. Abin da aka rataya a kan "har sai" kuwa, mai hankali ba ya jingina da shi.

To, mene ne abin yi idan kuskure ya bayyana? Da farko a nemo inda ya faro. In a takardar haihuwa yake, gyaran fasfo kaɗai ɓata kuɗi ne, domin kowace takarda daga ta ƙasanta ake kwafo ta. Gyaran rajistar haihuwa aikin shari'a ne: a kai buƙata kotu da hujjoji, a karɓi hukunci, a kai shi ma'aikatar magajin gari, sannan a sabunta sauran takardu bi da bi. In kuwa magatakardan waje ne ya yi tuntuɓen alƙalami, a rubuta masa buƙatar gyara, a haɗa da kwafin fasfo, a karɓi rasit mai kwanan wata da hatimi. Rasit ɗin nan shi ne shaidar cewa mutum ya nema kafin wa'adinsa ya cika. Wanda ke Kano na iya neman taimakon ƙaramin ofishin jakadancin Nijar da ke can.

Abu biyu ne ke mai da ƙaramin kuskure babban laifi: kankare takarda da hannu, da miƙa asalinta ga ɗan kamasho da ya yi alkawarin gama komi cikin kwana guda. Kuskuren ofis ana gyara shi, amma takardar da aka taɓa ta zama jabu, mai ita kuma shi zai amsa a gaban alƙali.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a ɗauki hanyar Matamai ko ta Magariya, a baje takardu a kan tabarma, a karanta su harafi harafi. Wanda bai yi boko ba ya sa ɗansa ya karanta masa.