Karen Gadi Irin na Rotwaila: Abin da Ya Wajaba Mai Shi da Mai Kula da Shi Su Sani

A biranen Fatakwal da Anacha da Inugu akwai dubban Hausawa mazauna, waɗansu suna fataucin shanu da albasa da goro, waɗansu kuwa suna aikin gadi a gidaje da masana'antu. A wurare irin su Diyobu ta Fatakwal, da bakin gadar Kwara a Anacha, da Gariki ta Inugu, wani baƙin kare mai ƙaton kai ya shiga rayuwarsu ta hanya biyu. Ko dai mai gida ya sayo shi ya danƙa wa maigadi, ko kuwa ɗan kasuwa ya ajiye shi domin tsaron sitonsa. Galibin mutanen nan karen farauta suka tashi suka sani, wanda kan yi yawonsa ya nemi abincinsa. Wannan kuwa dabam yake, kuma rashin sanin bambancin yana iya jawo asarar rai.

Sunan karen Rotwaila, daga garin Rotwail da ke kudancin Jamus. Can mahautan garin suka yi ta amfani da shi wajen kora shanu zuwa kasuwa da jan amalanken nama, har a shekarar 1910 aka karɓe shi cikin aikin 'yan sanda na ƙasar. Namiji yakan kai nauyin kilo 50, watau buhun siminti guda, mace kuwa wajen kilo 42. Tsaron gida da jingina ga mutum ɗaya a jininsa suke, ba sai an koya masa ba.

A nan ne mutane da yawa suke ɓata. Sun ɗauka cewa kare ba zai yi gadi ba sai an ƙuntata masa, saboda haka sai su ɗaure shi da sarƙa dare da rana, su hana shi ganin kowa, su bar shi da yunwa, waɗansu ma har su zuba masa barkono a abinci wai don ya yi zafi. Abin da ake samu daga wannan shi ne kare matsoraci, wanda ba ya bambanta ɓarawo da mai tallar ruwa, ko da yaron maƙwabta da ya biyo ƙwallonsa. Ran da sarƙar ta tsinke, wanda ya fi kusa shi ke shan cizo, sau da yawa ma maigadin ne da kansa. Ban da haka, azabtar da dabba laifi ne a dokar manyan laifuffuka da ake aiki da ita a jihohin kudu, kuma in kare ya ji wa wani rauni saboda sakaci, mai shi yana iya tsayawa gaban alƙali, ya kuma biya diyya.

Horo na gari tun kare yana ɗan kwikwiyo ake fara shi. Daga mako 3 zuwa wajen mako 12 da haihuwa, abin da ya gani ya saba da shi, shi zai ɗauka abin yau da kullum har tsufansa. Kada a raba shi da uwarsa kafin mako 8. Bayan haka a bar shi ya ga mutane iri iri a cikin gida: mai babbar riga, mai rawani, mace mai mayafi, yara, har awaki da kaji, ya kuma saba da ƙarar babur da injin wuta. Kare da bai taɓa ganin mai rawani ba sai da ya girma, yana iya ɗaukarsa abokin gaba.

Umarnin da za a koya masa kaɗan ne: zo, zauna, tsaya, bari. Da Hausa ko Turanci ko Ibo duk ɗaya ne a wurinsa, muddin dai mai gida da maigadi sun daidaita a kan kalma guda. Minti goma safe da maraice sun isa. In ya yi daidai a ba shi ɗan nama nan take, a yaba masa. Duka ba ya koya masa kome sai tsoron hannu. Lalle ne kuma mai gida ya gane cewa kare wanda ke ciyar da shi yake bi, don haka idan za a sake maigadi, a bar sabon ya yi 'yan kwanaki tare da tsohon kafin a bar masa karen shi kaɗai da dare. Maigadin da aka miƙa masa babban kare wanda bai sani ba, yana da haƙƙin ya nemi wannan, ya kuma nemi ganin katin allurarsa.

A fitar da shi tafiya kullum da igiya mai ƙarfi a hannun babban mutum, in cikin jama'a ne a sa masa takunkumi. Faufau kada a bar shi da ƙaramin yaro ba babba a wurin, kome sabon da suka yi.

Baƙin gashinsa yana jan zafi, ga shi kuma iskar waɗannan birane da laima take. Ɗaki na kwano a tsakiyar rana yana iya kashe shi. Yana bukatar inuwa, da ruwa mai tsabta a kowane lokaci, da maganin kaska. Masu sito su kula ƙwarai: albasa tana lalata jinin kare, goro kuma guba ne gare shi.

Babban al'amari shi ne allura. Rotwaila yana cikin karnukan da ciwon zawon jini na 'yan kwikwiyo ya fi kamawa, rigakafinsa kuwa tun yana mako 6 zuwa 8 ake farawa. Allurar haukan kare ana yinta idan ya cika wata 3, sa'an nan a maimaita kowace shekara. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana sarrafa wannan allura. Ana yinta a asibitocin dabbobi na gwamnatocin jihohi, akwai kuma asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haukan kare yana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta hanyar cizon kare ne. Da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi.

Saboda haka duk wanda kare ya ciza ko ya yakusa, ko da na gida ne, a wanke wurin nan da nan da sabulu da ruwa mai gudana har minti 15, sa'an nan a tafi asibiti a ranar, kada a tsaya jiran maganin gargajiya. Karen kuwa, in an san shi, kada a kashe shi ko a sayar. A tsare shi kwana 10 a ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi, a kuma kai katin allurarsa ga likitan da ke duba wanda aka ciza.