Yadda Ake Gane Ringin Inji Ya Cinye Kafin A Kwance Shi

A Amurka, masu tseren motoci na gajeren zango kan fesa iskar nitrous cikin inji don ƙara masa ƙarfi. Zafi da matsin da take haifarwa na saurin kashe ringin fistan, shi ya sa suke yawan gwada shi. A Sakkwato kuwa, ƙurar hunturu da zafin watan Afrilu mai haura digiri 40 sun isa su yi wa babur ɗin ɗan kabu-kabu irin wannan illa.

Aikin ringi shi ne toshe tsakanin fistan da bangon silinda. Idan ya cinye, baƙin mai kan haura ya ƙone tare da fetur. Daga nan sai salansa ta riƙa fitar da hayaƙi shuɗi-shuɗi, mai ya riƙa raguwa ba tare da yoyo ba, filogi ya jiƙe, babur ya kasa ja.

Sai dai matsalar bawul ma kan kawo irin waɗannan alamomi. Don rarrabewa, makanike zai cire filogi, ya ɗaura agogon auna matsi, ya buɗe totur, ya buga kiki. Idan matsin ya yi ƙasa, sai ya zuba ƙaramin cokali ɗaya na baƙin mai a ramin filogin, ya sake aunawa. Idan allurar ta tashi, ringi ne. Idan ba ta motsa ba, a duba bawul ko gasket.

Jinkirin gyara kan sa bangon silinda ya ƙarje, kuɗin aiki ya ƙaru. Wanke matatar iska da canza mai a kan lokaci ne maganin farko.