Ka Ƙara Girman Taya, Birkin Fa?

Duk mai bin hanyoyin ƙauyukan Baure, Zango da Sandamu ya san abin da ya sa masu Hilux da Land Cruiser a ƙasar Daura ke son babbar taya. Da rani yashi, da damina zaizaya. Doguwar taya tana ɗaga cikin mota, mai faɗi kuma ba ta saurin kafewa. Ban ga laifinsu ba. Abin da ke damuna shi ne mutum ya zuba kuɗi a tayoyi huɗu, ko sisi bai ware wa birki ba, alhali gobe motar za ta hau kwalta ta miƙi hanyar Kazaure a guje.

In noti ya ƙi kwantuwa, bakanike kan zura dogon bututu a hannun sifana, sai ƙarfinsa ya ƙaru. To, babbar taya bututun nan ce, amma titi aka miƙa wa ita. Birki yana damƙar farantinsa ne kusa da tsakiyar taya, titi kuwa daga bakin taya yake juya ta. Duk nisan da bakin ya ƙara, birki ne zai biya.

Taya mai lamba 265/65 R17, wadda Hilux da yawa ke zuwa da ita, tsayinta kusan milimita 776 ne. A sa 285/70 R17, sai ya koma kusan 831. Ƙarin kashi 7 cikin 100 ke nan, kuma da kusan haka ƙarfin birki ke raguwa a ƙasa, ko da an taka shi yadda aka saba. Agogon gudu ma ya fara ƙarya, domin juyin taya yake ƙirgawa: in a da daidai yake, yanzu zai nuna 100 alhali ana kan 107. Wannan ɗan ƙarin gudun kuwa yana ƙara wa birki zafin da zai shanye da kusan kashi 14. Ga nauyin tayar kanta, ga buhunan da aka ɗoro daga kasuwar Mai'aduwa, ga shanun da ba sa neman izinin kowa kafin su ratsa titi.

Gyaran da na fi yarda da shi ba shi ne mai tsada ba. A fara da takalmin birki na ƙwarai mai jure zafi, a guji na araha da ke sulɓi da ya gasu. Sai man birki. Yana tsotsar danshi a hankali, in ya tsufa sai ya tafasa da wuri, ƙafa ta nutse ba abin da ya kama. Sabon man birki nau'in DOT 3 sai ya kai aƙalla digiri 205 kafin ya tafasa, DOT 4 kuwa 230. A juye shi duk shekara biyu, ba a riƙa ciko kawai ba.

Akwai wani abu da ake yawan mantawa. Tsofaffin Hilux suna da bawul a baya mai auna lodi ta tazarar da ke tsakanin jikin mota da gindin tayoyi. In aka ɗaga motar don babbar taya ta sami wuri, bawul ɗin sai ya ɗauka babu kaya, ya rage wa birkin baya ƙarfi, aikin ya dawo kan na gaba. Ka ce wa bakanikenka, "Maigida, a saita mini wannan ma."

Mai hali yana iya sa faranti mafi girma da madamƙinsa, in cikin wilin zai ɗauka. Wannan ne ke maido da ƙarfin da taya ta ƙwace. Faranti mai huji-huji dai yawanci kwalliya ce, kuma a hanyoyinmu yashi da laka ne za su cika hujin. Iskar da aka rage don ratsa yashi kuwa, a tsaya wurin mai faci a mayar da ita kafin a hau kwalta.