Ɗaurin Suna da Sarrafa Jeri a Harsunan Umarni na Kwamfuta: Abin Lura ga Masu Shirya Littattafan Yaƙi da Jahilci

1.0 Gabatarwa

Mai shirya littafin koyon karatu na manya yakan fara ne da tambaya guda, watau wane baƙi za a fara koyarwa, wane kuma za a jinkirta. Hanyar da aka saba bi ita ce a tattara zantuttukan mutanen da za a koyar, a ƙirga baƙaƙe da wasula da gaɓoɓin da ke ciki, sa'an nan a gabatar da waɗanda suka fi yawan aukuwa. A da, da hannu ake wannan ƙirga a kan katuna. Yanzu kuwa akan rubuta wa kwamfuta 'yan gajerun umarni ta yi aikin cikin ƙiftawar ido. Harsunan da ake rubuta irin waɗannan umarni da su, su ne muka kira harsunan umarni.

Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa alƙaluman da kwamfuta ke bayarwa sun dogara ga abu biyu da mai bincike zai tantance da kansa: abin da kowane suna yake nufi a cikin umarnin, da abin da aka ɗauka a matsayin ƙwaya ɗaya a cikin jeri. Za mu kawo misalai daga harshen Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, da harshen REBOL na Carl Sassenrath, wanda ya fito a 1997. Za mu kuma ɗauki Tagriss, ƙaramar hukumar karkara a gundumar Dakoro ta jihar Maraɗi, a matsayin wurin da za a shirya wa littafin, domin yanki ne da Hausawa manoma ke cuɗanya da makiyaya Abzinawa da Fulani, kuma Hausarsa tana da kamannin karin harshen yamma.

2.0 Ɗaurin Suna

Galibin masu koyo sukan ɗauka cewa suna a cikin umarni tamkar ƙwarya ne da ake zuba abu a ciki. A waɗannan harsuna biyu, suna ya fi kama da igiyar da aka ɗaura wa dabba. Ana iya ɗaura wa akuya ɗaya igiya biyu, amma wannan bai mayar da ita awaki biyu ba. Haka mutumin da sunansa na yanka Abubakar, ake kuma kiransa Ɗanjuma: in an yi wa Abubakar aski, to, an yi wa Ɗanjuma ke nan.

2.1 Suna biyu, jeri ɗaya

A ɗauka mai bincike yana da jerin kalmomin Daidaitacciyar Hausa, yana kuma son ya fitar da wani jerin da zai nuna furucin yankin. Sanannen abu ne cewa a Hausar yamma akan ce hita da tahi da hwari a maimakon fita da tafi da fari, kamar yadda akan ce zamna a maimakon zauna. Sai ya rubuta haka da Python:

asali = ["fita", "tafi", "fari"]
yanki = asali
yanki[0] = "hita"

(A lura, Python daga 0 yake fara ƙirga gurabe, REBOL kuwa daga 1.) Da zai duba asali bayan wannan, zai tarar kalmar farko ta koma hita. Dalili shi ne layi na biyu bai ƙirƙiro sabon jeri ba, igiya ta biyu kawai ya ɗaura wa jerin farko. Kwamfuta ba za ta yi gargaɗi ba, domin ta yi daidai abin da aka ce ta yi. Ta haka ne jerin da ya kamata ya zama ma'auni zai gauraye da karin harshe, a wayi gari ba a iya kwatanta biyun. Maganin abin shi ne a nemi kwafi a fili:

yanki = list(asali)

Amma idan kowace kalma tana tafe da nata ƙaramin jeri, alal misali ma'anarta da yawan aukuwarta, to wannan kwafi bai wadatar ba, don kuwa ƙananan jerin na ciki suna nan a haɗe. A nan sai an yi kwafi mai zurfi, wanda Python ke yi da copy.deepcopy, REBOL kuma da copy/deep.

2.2 Rumbun da ba a share ba

Matsala ta biyu ta fi ta farko ɓoyuwa. Akan ɗunƙule umarni da yawa a ba su suna ɗaya domin a riƙa kiransu a kai a kai. Ga misali:

def tara(kalmomi, rumbu=[]):
    rumbu.extend(kalmomi)
    return rumbu

Mai rubutun yana zaton duk lokacin da ya kira tara za a ba shi sabon rumbu wanda babu kome a ciki. Alhali kuwa sau ɗaya tak ake gina wannan rumbu, lokacin da kwamfuta ta fara karanta umarnin. Saboda haka idan ya tara kalmomin hirar da aka ɗauka a kasuwa, sa'an nan ya tara na hirar bakin rijiya, sakamako na biyu zai ƙunshi duka biyun, na uku kuma ya ƙunshi duka ukun. Kalmomin da aka fara shigarwa sai su yi ta kumbura a cikin lissafi. Masu amfani da REBOL sun san irin wannan tarko sarai, shi ya sa suke rubuta copy [] a duk inda suke bukatar sabon jeri. A Python kuwa akan sa rumbu=None, sa'an nan a gina sabon jeri a cikin umarnin.

3.0 Sarrafa Jeri

A wurin kwamfuta kalma ma jeri ce, jerin alamomi, kowace da lambarta a tsarin Unicode. Alamar kwamfuta kuwa ba kullum take daidai da baƙin Hausa ba. Wannan saɓani yana bayyana ta fuska uku.

3.1 Tagwayen baƙaƙe

Kalmar tsintsiya alamomi 9 ce a wurin kwamfuta, amma sautukanta 7 ne: ts, i, n, ts, i, y, a. Idan aka bar na'ura ta ƙirga da kanta, za ta ce akwai t biyu da s biyu a cikin kalmar da babu ko ɗayansu. Haka shinkafa za ta ƙara wa s da h yawa, ƙwarya ta ƙara wa w. Sakamakon haka sai a ga wasu baƙaƙe sun hau saman lissafi ba bisa haƙƙi ba, su kuwa ts da sh da ƙw su ɓace gaba ɗaya, a rasa sanin darasin da ya dace da su.

Abin da ya kamata shi ne a ba kwamfuta jerin baƙaƙen Hausa, a kuma umarce ta da ta fara gwada mafi tsawo kafin gajere. Wajibi ne a tanadi ƙa'idar nanatawa, domin a rubutun boko harafin farko kaɗai ake maimaitawa idan tagwan baƙi ya nanatu: a cikin kyakkyawa da tsattsaura, k da t na tsakiya rabin ky da ts ne. Har ila yau kowane harshe da nasa jeri. A Fulatanci nd da mb ƙwaya ɗaya ce kowannensu, a Hausa kuwa n da d na gandu suna cikin gaɓoɓi daban. Wanda ya gina jerin Fulatanci a kan na Hausa ba tare da kwafi ba, kamar yadda aka nuna a 2.1, zai cusa wa Hausa nd bai sani ba. A yanki irin Tagriss, inda mai shiri zai so ya san baƙaƙen da harsunan suka yi tarayya a kansu, wannan kuskure yana iya lalata kwatancen baki ɗaya.

3.2 Baƙaƙe masu ƙugiya da jerantawa

Kwamfuta da lamba take jeranta kalmomi. Ƙananan haruffa daga a zuwa z suna da lamba 97 zuwa 122, amma ƙ lambarsa 409, ƴ 436, ɓ 595, ɗ kuma 599. Don haka idan aka ce ta jera kalmomin nan biyar, abin da za ta bayar shi ne:

baki, zomo, ƙasa, ɓera, ɗaki

a maimakon baki, ɓera, ɗaki, ƙasa, zomo. Ƙamus ko jadawalin da aka jera haka zai wahalar da sabon mai karatu, wanda aka koya wa cewa ɓ yana bin b. Dole ne mai bincike ya rubuta tsarin abacada da hannunsa, ya ce a jera bisa gare shi.

3.3 Alhamza da alamomin karin sauti

Tun taron Bamako na 1966 ake ƙoƙarin daidaita rubutun Hausa tsakanin ƙasashe, aka kuma sake zama a Yamai a 1980. Duk da haka bambanci ɗaya ya wanzu: ƙa'idar rubutu da Nijar ta tabbatar a 1999 tana rubuta ƴaƴa, Nijeriya kuwa 'ya'ya. Kalma ɗaya ce, amma kwamfuta za ta ga alamomi 4 a ɗaya, 6 a ɗayar, ta ƙirga su daban. Daɗin daɗawa, alhamza kanta tana da siffofi uku da ido ba ya saurin bambancewa, masu lamba 39 da 700 da 8217. Umarnin da aka saba raba kalmomi da shi a Python yana ɗaukar mai lamba 700 a matsayin harafi, sauran biyun kuwa alamar tsayawa, sai ya tsaga jama'a gida biyu, jama da a. Haka wasalin da aka ɗora wa alamar karin sauti, kamar à, yana iya zama lamba ɗaya ko biyu, gwargwadon yadda aka buga shi. Akwai umarnin unicodedata.normalize na daidaita wannan, kuma ya kamata a yi amfani da shi kafin a fara kowace ƙirga.

4.0 Kammalawa

Dokar ƙasa da aka ƙaddamar a Nijar a 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, wanda ke nuna bukatar littattafai da ƙamusoshi za ta ƙaru, kuma da taimakon kwamfuta za a shirya yawancinsu. Bisa ga abin da ya gabata muna ba da shawarwari huɗu. Na farko, a ajiye matanin asali yadda aka rubuto shi daga bakin mutane, kada a taɓa shi, a yi kowane gyara a kan kwafi. Na biyu, a zaɓi ƙa'idar rubutu ɗaya da siffar alhamza ɗaya, a mayar da dukkan matani gare su. Na uku, jerin baƙaƙe da tsarin abacada na kowane harshe su kasance a rubuce, masanin harshe ya duba su, a kuma buga su tare da sakamakon binciken domin wani ya iya maimaita aikin. Na huɗu, kafin a amince da kowane lissafi, a ɗauki shafi ɗaya a ƙirga shi da hannu, a kwatanta da abin da na'ura ta bayar. Idan biyun suka saɓa ko da da baƙi ɗaya ne, sai a koma ga umarnin a binciko dalili kafin a tsara darasi na farko.